Hoto a Matsayin Shaida: Nazari kan Ɗaukar Hoton Tsuntsayen Daji a Fadamun Nguru da Gashuwa

Duk wanda ya sauka Nguru ko Gashuwa da kyamara ya ce namun daji ya zo ɗauka, tambayar farko da zai ji ita ce: waɗanne? Tambayar tana da tushe. Manyan namun da ake gani a fina-finan Kenya da Tanzaniya sun daɗe da barin wannan yanki. Abin da ya rage a dazukan Gorgoram da Zurgum Baderi ƙanana ne masu ɓuya: jan biri, dila, guza, zomo, sai gadu ko barewa idan an taki babbar sa'a. To amma wanda ya tsaya bakin ruwa da asubahin watan Janairu ya ɗaga kai, zai san inda dukiyar dajin yankin take. An lissafa nau'in tsuntsaye 377 a fadamun Haɗeja da Nguru. A ƙidayar tsuntsayen ruwa ta watan Janairun 1996 an samu sama da 200,000, a ta 1997 kuwa adadin ya haura 320,000. Wuraren da za su iya nuna irin wannan taro a duk faɗin Sahel ba su da yawa: tsakiyar fadamar Kogin Kwara a Mali, bakin Kogin Senegal, Tafkin Chadi, sai nan.

Abin da nake son tabbatarwa a wannan nazari shi ne, hoton da ya fi amfani ga wannan wuri shi ne wanda zai iya tsayawa a matsayin shaida: wanda aka san ranar da aka ɗauke shi, aka san wurin, aka kuma bar abin da ke kewaye da tsuntsun ya fito. Kyau yana da nasa matsayi, ban raina shi ba. Sai dai salon da muka gada daga mujallun waje, na tsuntsu shi kaɗai cikin daji maras mutane, yana ɓoye ainihin abin da ke faruwa da fadamar, yana kuma fitar da mutanen da suka fi kowa saninta daga cikin aikin.

Dalilin taruwar tsuntsayen

Ruwan sama a Nguru kimanin milimita 500 ne a shekara, kuma cikin wata uku zuwa huɗu yake sauka. Da shi kaɗai aka dogara, da yankin bai bambanta da sauran ƙasar Manga ba. Ruwan da ke raya fadamar daga nesa yake zuwa. Kogin Haɗeja yana tattaro ruwan Kogin Kano da na Challawa, Kogin Jama'are kuma yana gangarowa daga tsaunukan Jos. Da suka wuce garin Haɗeja sai su shiga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsofaffin jigayin rairayi, waɗanda iskar zamanin dā ta jera daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. Jigayin nan su ke raba ruwan gida-gida: wani reshe ya bi Marma ya zuba Tafkin Nguru, wani ya bi Burum Gana, wani ya riƙe tsohuwar hanyar Haɗeja, har wannan na ƙarshe ya haɗu da Jama'are kafin Gashuwa su zama Kogin Yobe mai wucewa Gaidam zuwa Tafkin Chadi.

Ambaliya tana cika a ƙarshen damina, sannan ta riƙa janyewa sannu a hankali daga kaka har cikin rani. Wannan janyewar ita ce sirrin. Kowane mako ruwa yana barin sabon taɓo, da ƙwari, da ƙwayar ciyawa, da ƙananan kifayen da suka maƙale a kududdufi. Daidai lokacin ne tsuntsayen Turai da Rasha ke ƙetaro Sahara suna neman wurin sauka. Mafi yawa a cikinsu akwai wata ƙaramar agwagwa mai suna Spatula querquedula a kimiyyance, wadda tsawonta kimanin santimita 40 ne, da wani ɗan tsuntsun bakin ruwa mai dogayen ƙafafu, Calidris pugnax, wanda ke sauka dubbai a gonakin shinkafa. Suna tarar da 'yan gida: kirinjijiya, dinya, zalɓe, balbela, da shamuwa a lokacinta.

Alaƙar nan ta fadamun Sahel da Turai ba zato ba ce. A bazarar 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Birtaniya suka ga wani ɗan tsuntsun shinge da suka saba da shi ya ragu da kusan kashi uku cikin huɗu a shekara guda. Bincike ya nuna farin da ya fara a Sahel a 1968 ne ya kashe su. Tun daga nan masana na Turai suka gane cewa rabin rayuwar tsuntsayensu a hannun ruwanmu take. Shi ya sa aka kafa Shirin Kare Fadamun Haɗeja da Nguru a 1987, da haɗin gwiwar ƙungiyar IUCN, da RSPB ta Birtaniya, da Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, NCF. Shi ya sa Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya zo tafkin Dagona a 1989 yana shugaban ƙungiyar kare namun daji ta WWF. A 1991 aka sa sashen Bade da Nguru cikin Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi. A shekarar 2000 Tafkin Nguru da mashigar Marma, hekta 58,100, suka zama wuri na farko a Najeriya da aka sa ƙarƙashin Yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu. Dagona da Baturiya suka biyo baya a 2008, sannan UNESCO ta amince da yankin Haɗeja, Nguru da Bade a matsayin keɓantaccen muhallin rayuwa a 2020. Takardu dai an tara. Hotunan da za su nuna ko takardun sun yi aiki su ne ba a tara ba.

Matsalar tazara

Duk fasahar ɗaukar hoton dabbar daji a kan abu ɗaya ta tsaya, wato tazara. Lissafin a bayyane yake: girman surar da ke faɗawa kan farantin kyamara daidai yake da tsawon madubin, a ninka da girman dabbar, a raba da nisanta. Ɗauki agwagwar nan mai santimita 40. Da madubi mai milimita 500, wanda shi ne irin na ƙwararru, idan tana nisan mita 50 surarta milimita 4 ce kacal a kan farantin da faɗinsa milimita 36 ne, wato kashi ɗaya bisa tara. A mita 100 ta koma milimita 2. Sai an kusance ta zuwa mita 15 kafin ta cika sulusin hoton. Kyamarar wayar hannu kuwa, a mita 50, ɗigo kawai za ta nuna. Ashe ko mai madubin miliyoyin naira bai tsira daga buƙatar matsawa kusa ba.

A nan ne halin dabbar ke shigowa. Masanin dabbobi ɗan Suwizalan, Heini Hediger, tun a shekarun 1930 ya bayyana cewa kowace dabba tana da iyakar da idan abin tsoro ya ƙetare ta sai ta gudu. Iyakar ba ɗaya ba ce ko'ina. Tana faɗaɗa inda ake harbi, tana ƙuntata inda aka bar dabba ta huta. Babban garke ya fi ƙarami saurin tashi, domin idanu sun fi yawa kuma mafi tsoro a cikinsu shi ke tayar da sauran. Balbela tana bin sawun saniya har gindin makiyayi, dinya kuwa da ta sha harbi tun daga nesa take miƙa wuya. Wannan ya sa ita kanta tazarar bayani ce: idan aka rubuta nisan da garke ya tashi a Dagona, inda doka ta hana farauta, aka gwada da na wani tafki a waje, an sami ma'aunin yadda kariyar ke aiki ba tare da an tambayi kowa ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, dabarar ƙetare wannan iyaka tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Maharbi yana ɗaura kan burtu a goshi, ya durƙusa cikin ciyawa, ya riƙa rarrafe yana sunkuyar da kan yana ɗagawa kamar tsuntsun na kiwo. Namun daji sun saba da burtu, ba su gudunsa, sai ga maharbi ya iso inda kibiyarsa za ta kai. A Ingila, 'yan'uwa biyu, Richard da Cherry Kearton, waɗanda littafinsu na 1895 kan sheƙunan tsuntsayen Birtaniya shi ne na farko a irinsa da aka cika da hotunan kyamara zalla, sai da suka sa aka yi musu sa na ƙarya mai rami a ciki, aka lulluɓe shi da fata, mutum ya shiga da kyamararsa. Tunanin ɗaya ne: ka zama abin da dabbar ta saba gani. Bambancin kawai, na Kearton ya shiga tarihin ɗaukar hoto, na maharbinmu bai shiga ba.

A fadamun Nguru abin da tsuntsu ya saba gani shi ne masunci cikin kwalekwale, da makiyayi, da mai yankan kaba. Baƙon da ya sauko daga mota da farar riga ya miƙe tsaye ya nufi ruwa kai tsaye zai tayar da garke tun yana nesa. Masuncin da ke tura jirginsa da gora a hankali, yana bin gefe, bai kallon tsuntsayen, yana iya ratsawa kusa da su suna kiwo. Ya san inda kirinjijiya ke yini da inda take fita kiwo da dare. Ya san wace giyayya zalɓe ke kwana a kai, ya san makon da ruwa zai janye daga wani kwari har taɓo ya fito. Mai kyamara da ya zauna ƙasa-ƙasa a cikin jirgin, ya rufa da tsohon zane mai launin ƙasa, ya yi shiru, ya riga ya sami rabin abin da madubi mai tsada zai ba shi. Hoton da ya fito aikin mutum biyu ne, ko da yake suna ɗaya ake rubutawa a ƙarƙashinsa. A ganina wannan rashin adalci ne da ya kamata a gyara: a rubuta sunan jagoran idan ya yarda, a biya shi kuɗin ilimi, ba kuɗin tuƙi kawai ba.

Hazo da zafi

Watannin da tsuntsaye suka fi yawa, Disamba zuwa Fabrairu, su ne kuma watannin hunturu. Ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele a Chadi tana watsa haske, ta dushe launi, ta mai da baƙi toka-toka. Dogon madubi yana ƙara tsananta abin, domin duk ƙurar da ke tsakaninka da tsuntsun yake tattarowa. Da hantsi ya ɗaga kuma sai iska mai zafi ta fara rawa a kan ruwa da rairayi, hoton nesa ya narke ko da an saita shi daidai. Saboda haka lokacin aiki gajere ne: daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara, sai kuma bayan la'asar. Tsuntsu mai tashi yana buƙatar ƙiftawar kyamara ta kai ɗaya bisa dubu ɗaya zuwa ɗaya bisa dubu biyu na daƙiƙa, abin da ke da wuya a safiyar da hazo ya rufe rana. Canja madubi a fili cikin wannan iska kuwa gayyatar ƙura ce zuwa cikin na'urar. Duk da haka hazo yana tausasa inuwa, yana ba da wani jan haske da babu irinsa a hotunan Turai. Mai hankali zai bar shi ya fito, domin shi ma wani ɓangare ne na gaskiyar wurin.

Abin da ake yankewa

Kowane hoto zaɓi ne: abin da aka sa a ciki da abin da aka bari a waje. Al'adar da ta mamaye wannan fanni tana son a kawar da duk alamar mutum. A karkata kyamara kaɗan don kada dumbar masunta ta fito, a jira saniya ta wuce, a dusashe bayan tsuntsun har ya zama kore maras siffa. A wurin da babu mutane wannan ba laifi ba ne. Amma fadamun Haɗeja da Nguru gonar mutane ce sama da miliyan ɗaya: Badawa, Mangawa, Hausawa, Fulani. Shinkafar Gashuwa, da busasshen kifin da ake lodi zuwa kudu, da burugun da shanu ke ci da rani, duk daga ruwan da tsuntsun ke tsaye a ciki suke fitowa. Hoton da ya share waɗannan ya nuna wa mai kallo a Abuja ko Landan wani wuri da babu shi, ya kuma koya masa cewa mutum shi ne matsalar.

Alhali babbar matsalar daga sama take, a kan kogunan. An kammala Dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992. A ƙarshen shekarun 1960 ambaliya tana rufe sama da murabba'in kilomita 2,000. Bayan dam da farin shekarun 1970 da 1980, shekaru da yawa ba ta kai rabin haka ba. A 1991 masana uku, Edward Barbier, William Adams da Kevin Kimmage, suka auna abin da kowane ma'aunin ruwa ke samarwa a fadamar, noma da kifi da itace, suka gwada da abin da yake samarwa a aikin noman rani na Kogin Kano, suka ga na fadamar ya ninka sau da yawa. Littafin da G. E. Hollis, W. M. Adams da Muhtari Aminu-Kano suka tsara a 1993 har yanzu shi ne ginshiƙin duk mai nazarin yankin.

Sannan sai kacalla. Da can Kogin Haɗeja yana ƙafewa da rani, ciyawar ba ta samun zama. Da aka fara sako ruwa daga dam duk shekara, sai wasu mashigu suka daina bushewa, kacalla ta kafu, ta tara laka, ta toshe hanyoyi. Ruwa ya karkata zuwa Marma da Tafkin Nguru yana cin gonaki, wasu rassan kuma suka koma samun kaɗan. Kurmin kacalla ya zama maɓoyar jan baki, tsuntsun da ke iya share gonar gero ko shinkafa cikin 'yan kwanaki. Wanda bai san wannan ba zai yi mamakin manomin da ke ɗaure fuska idan aka ce masa tsuntsaye aka zo ɗauka. A wurinsa tsuntsu shi ne abin da ya hana yaransa barci suna kaɗa gwangwani a gona tun asuba. Ko baƙin nan na Turai da ake yi wa biki suna taɓa shinkafa.

Ga abin da ya sa nake cewa faffaɗan hoto ya fi hoton kusa daraja a nan. Hoton idon agwagwa, komai kyansa, ana iya ɗaukarsa a gidan zu na kowace ƙasa. Hoton da ya nuna garken a gaba, bangon kacalla a baya, da ɗan buɗaɗɗen ruwan da ya rage a tsakani, a Nguru kaɗai za a iya ɗaukarsa, kuma idan aka maimaita shi daga wuri ɗaya bayan shekara biyar zai faɗi abin da rahoto mai shafi ɗari zai yi ta kewayawa. Irin wannan hoton wayar hannu ma tana iya ɗauka.

Yadda hoto ke zama hujja

Kafin kyamara, hujjar ƙaurar tsuntsaye da kyar ake samunta. A 1822 aka harbo wata farar shamuwar Turai kusa da Klütz a Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta. Har yau tana ajiye a Jami'ar Rostock. Ita ta taimaka wajen kashe tsohon zancen cewa tsuntsaye ɓuya suke yi cikin taɓo da sanyi. A 1899 wani malamin makaranta ɗan Denmak, Hans Christian Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zoben ƙarfe mai lamba. Matsalar zoben ƙarfe ita ce sai an kama tsuntsun ko ya mutu kafin a karanta. Yanzu ana sa zobba masu launi da manyan haruffa, waɗanda hoto mai kyau ke iya karantawa daga nesa tsuntsun na tsaye da ransa. Hoton ƙafa ɗaya daga Dagona yana iya haɗa wani tafki na Bade da wani ƙauye a Holan ko Polan, da ranar da aka sa zoben, da shekarun tsuntsun. Masunta da maharba sun daɗe suna cin karo da irin waɗannan zobba. Da za a sanar da su cewa hoton lambar kawai ake buƙata, ba tare da tsoron kamu ba, da bayanai masu yawa sun daina ɓacewa.

Haka batun ƙidaya. An daɗe da sanin cewa idon mutum yana rage adadin babban garke. Hoton garken da ya tashi, a buɗe shi a kwamfuta a ƙirga ɗaya-ɗaya, yana gyara ƙiyasin, kuma wani yana iya sake ƙirgawa bayan shekara ashirin. Yana kuma warware gardamar nau'i. Tsuntsayen da ke zuwa mana a tufafin rani suke zuwa, ba adon da littattafan Turai suka fi nunawa. Namijin Calidris pugnax da ke da ƙaton wuyan gashi a ƙasar haihuwarsa, a gonakin Nguru toka-toka ne maras ado. Masu koyo suna rikicewa, hoto kuwa ana iya tura shi ga wanda ya fi sani.

Hanyar shigar da wannan cikin ilimi ta riga ta samu. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos ta ƙaddamar da Shirin Taswirar Tsuntsayen Najeriya a ƙarshen 2015. An raba ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a kowane gefe, mai sa kai ya shafe aƙalla awa biyu yana rubuta abin da ya gani ta manhajar BirdLasser. Matasan arewa sun shiga aikin, kuma masana irin su Abubakar Ringim na Jami'ar Tarayya ta Dutse sun wallafa bincike kan tsuntsayen wannan fadama. Dandalin iNaturalist da eBird suna karɓar hoto daga kowa. Wanda ba shi da dogon madubi yana iya ɗora idon wayarsa a kan madubin hangen nesa ya sami hoton da ya isa a gane nau'i. Sai dai akwai wani ɗan abu da ke lalata aikin mutane da yawa: kowane hoton waya yana ɗauke da ranar ɗauka da sa'a a ɓoye, har da wurin idan an kunna, amma da an tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto ko an ɗora a Facebook sai bayanan su goge. A ajiye na asali, ko a tura shi a matsayin fayil. Hoton da ya rasa rana da wuri ya sauka daga shaida ya koma ado.

Ga namun da ke fita da dare kuwa, kyamarar ɗana ita ce hanya: a ɗaure ta a bishiya, motsi da ɗumin jikin dabba su tayar da ita. George Shiras ya fara irin wannan a Amurka, mujallar National Geographic ta buga hotunansa a 1906. Kyamarar ɗana ce ta kamo damisar Sahara mai gudu a tsaunin Termit na Nijar a 2010, ita ce kuma ta nuna gorilar Kuros Riba da 'ya'yansu a tsaunukan Mbe a 2020. 'Yan irin waɗannan kyamarori a Gorgoram na tsawon rani ɗaya za su amsa tambayar da aka fara da ita, ta waɗanne namu suka rage, fiye da duk wani jerin sunaye da ake kwafowa daga tsofaffin rahotanni.

Inda kyamara ke cutarwa

Kyamara ba ta zubar da jini, amma tana iya yin ɓarna. Hoton da aka fi so, na dubban agwagi sun tashi lokaci guda, sau da yawa da gangan ake tayar da su. A watan Fabrairu da Maris tsuntsun yana tara kitsen da zai ƙetare Sahara da shi. Duk tashin banza daga wannan guzuri ake cirewa. Matsawa kusa da sheƙa yana korar uwa, rana ta dafa ƙwai ko hankaka ya ɗauke. Ƙaramin jirgin ɗaukar hoto maras matuƙi kuwa, tsuntsaye shaho suke ɗaukarsa. Ga shi tun 2016 dokar Najeriya ta wajabta izinin hukumar sufurin sama da na ofishin mai ba da shawara kan tsaro kafin a tashe shi. A Yobe, jihar da ta sha wahalar rikicin Boko Haram, mutum da dogon madubi a bakin gada abin tambaya ne, kuma masu tambayar suna da hujja. Takardar izinin hukumar gandun daji, da gaisuwa wurin mai gari ko bulama, da sanar da jami'an tsaro, duk cikin aikin suke.

Akwai kuma haɗarin da ya fi waɗannan ɓoyuwa. Gauraka, wadda ake kira tsuntsun ƙasa na Najeriya, ta kusa ƙarewa a dajin ƙasar nan, kuma kamawa don sayarwa ga masu ajiye ta a gida na cikin dalilai. Ungulu da ke cika mahautan garuruwanmu a da, tun 2015 tana jerin halittun da ke bakin ƙarewa, saboda guba da cinikin sassan jikinta. Wanda ya sami sheƙar ɗayansu ya ɗora hoton da sunan ƙauyen a intanet, ya yi wa dillali jagora kyauta. A nan ƙa'idar da na kafa a sama tana buƙatar togaciya: a rubuta wurin, amma a ba masana da masu gadin daji kaɗai.

Ƙarya ma tana shiga. A babbar gasar hoton namun daji da Gidan Tarihin Halittu na Landan ke shiryawa, an ƙwace kyautar 2009 bayan alƙalai sun gamsu cewa kyarkecin da ke hoton na gida ne da aka horar, an kuma soke wata ta 2017 da aka gano dabbar cusasshiyar fata ce, ba rai. Yanzu da kwamfuta ke ƙirƙiro hoto daga babu, ana ganin hotunan wasu ƙasashe suna yawo da sunan Yobe. Kowane irin wannan yana rage amincin na gaskiya.

Wa zai ajiye?

Hotunan da suka fi tasiri a tarihin wannan fadama daga sama aka ɗauke su: na jiragen safiyo, da na tauraron Landsat da ya fara aiki a 1972, wanda aka buɗe taskarsa kyauta ga kowa a 2008. Da su aka nuna yadda ambaliya ta ragu. Amma tauraro ba ya ganin kirinjijiya, ba ya bambance ranar da kifi ya daina shigowa wani tafki. Wannan sai daga ƙasa.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin yankin ba. A zaɓi wurare ƙalilan tabbatattu, kamar bakin tafkin Dagona, da Dabar Magini a Tafkin Nguru, da gadar Kogin Yobe a Gashuwa, a kafa alama, a riƙa ɗaukar hoto daga nan ana fuskantar gefe ɗaya sau huɗu a shekara: cikar ruwa, kaka, tsakiyar hunturu, da ƙarshen rani. Masu ɗauka su kasance mazauna wurin, ɗaliban sakandare, masu gadin gandu, 'ya'yan masunta. Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, da aka kafa a 2013, tana zaune a bakin wannan fadama. Ita ta fi dacewa da riƙe taskar, da kwafi a wani wuri na biyu saboda wuta da lalacewar na'ura, da bayanin kowane hoto cikin Hausa, da Badanci ko Manganci inda ya samu.

Sabon hoto kuma yana buƙatar tsoho da za a gwada shi da shi. Ma'aikatan shirin 1987, da baƙin da suka riƙa zuwa ƙidayar Janairu, da masu hoton gari da suka halarci bikin kamun kifi na Bade a Gorgoram, sun ɗauki fadamar kafin kacalla ta yi ƙarfi. Fim yana dushewa da shekaru, zafi da gara suna cin takarda, kuma waɗanda za su iya cewa wannan tafkin kaza ne a shekara kaza suna tsufa. Neman waɗannan hotuna duk inda suke, a Nguru ne ko Legas ko Birtaniya, a kwafe su, a zauna da dattawan Dagona da Margadu su faɗi sunan kowane wuri, shi ne aikin da ya kamata a fara da shi.